Yadda Ake Zama Masanin Tattalin Arzikin Makamashi: Daga Aji Zuwa Teburin da Ake Yanka Farashin Wuta

A shekarar 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu kan yarjejeniya da NBET, kamfanin gwamnatin Najeriya mai sayen wuta a sari. Za su gina tashoshin sola da jimillar ƙarfinsu ya haura megawat 1,000, da yawansu a jihohin Arewa, a riƙa sayen kowane yunit kan senti 11.5 na dalar Amurka. Shekaru suka yi ta wucewa ba a ga tashoshin ba. Ranar Katsina da Jigawa tana nan yadda take, injiniyoyi kuma sun san yadda ake kafa allunan sola. Inda aka maƙale shi ne kuɗi: gwamnati ta dawo tana ganin farashin ya yi tsada, masu ba da bashi kuma suka ce ba za su saki ko kwabo ba sai an ba su lamunin cewa za a biya.

Wannan gurbin da aikin ya maƙale shi ne gonar masanin tattalin arzikin makamashi. Tambayarsa kullum uku ce: nawa wutar za ta ci, wa zai biya, kuma in ya kasa biya wa zai ɗauki asarar. Ina rubuta wannan jagora don ƙannenmu, maza da mata, da ke son shiga fagen, domin yankinmu na Arewa ya fi ko'ina rana a ƙasar nan, amma idan an zauna yanka farashi da rabon tallafi ba kasafai ake samun namu da yawa a ɗakin ba. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, ke ma da ke nake.

Mataki na farko: ka san aikin kafin ka ɗaura masa aure

Ranar aiki ta mai wannan sana'a yawanci a gaban kwamfuta take ƙarewa. Yau yana duba ko farashin da wani kamfanin rarraba wuta ya nema ya dace da abin da yake kashewa. Gobe yana lissafa ko wani ƙauye ya fi dacewa a ja masa layi daga babban layin ƙasa, ko a gina masa 'yar tashar sola ta kansa, ko kuwa a bai wa kowane gida nasa allon da batir. Jibi kwamishina ko minista na son shafi biyu kafin la'asar kan abin da zai faru da talaka in an janye wani tallafi. Wanda ba ya jure wa lissafi da karatun dogayen takardu zai gaji da wuri. Wanda kuma yake son lissafi amma ba ya son shiga kasuwa ya yi tambaya, alƙalumansa za su yi kyau a takarda su kasa tsayawa a ƙasa.

Mataki na biyu: karatu

Hanya mafi miƙewa ita ce digiri a fannin tattalin arziki. A jarabawar JAMB za ka buƙaci Turanci, lissafi da darasin tattalin arziki. Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'inmu duk suna koyar da shi. Idan ka shiga, kada ka yi wa darussan ƙididdiga da na lissafin tattalin arziki karatun "a dai ci jarabawa". Su ne jarinka. Ka riƙe darasin da ke bayani kan kasuwar da kamfani ɗaya ya mamaye, domin layin wuta haka yake: ba a jan waya biyu zuwa gida ɗaya don a yi gasa, shi ya sa dole hukuma ta tsaya tsakanin kamfani da mai saye.

Wanda ya karanta injiniya ko kimiyyar lissafi bai makara ba, hasali ma yana da wani fifiko. Fatih Birol, Baturken da ke shugabantar Hukumar Makamashi ta Duniya tun 2015, da injiniyan lantarki ya fara a Istanbul, sannan ya karanta tattalin arzikin makamashi a Biyana, babban birnin Austriya, ya yi aiki a OPEC, ya daɗe yana babban masanin tattalin arzikin hukumar kafin ya hau kujerar. Shi kuma ɗan tattalin arziki dole ya ari ɗan abin injiniya. Ka san bambancin kilowat, wato ƙarfin inji, da yunit, wato wutar da inji mai kilowat ɗaya ya bayar cikin awa guda. Ka san dalilin da ya sa tashar sola mai megawat 10 ba ta ba da wutar da tashar gas mai megawat 10 ke bayarwa a shekara. Injiniyoyi ba sa sake sauraron wanda ya rikita waɗannan a gabansu.

Digiri na biyu kusan wajibi ne. A gida akwai cibiyar CPEEL ta Jami'ar Ibadan, wadda ta haɗa man fetur, tattalin arzikin makamashi da shari'a, akwai kuma Emerald a Jami'ar Fatakwal. A waje, Dundee da Surrey a Birtaniya sun yi suna a fannin. Kuɗin karatu kuwa, ka sa ido kan tallafin PTDF (asusun gwamnati na horar da mutane a fannin man fetur), Chevening, Commonwealth da DAAD na Jamus. Digirin digirgir sai in koyarwa ko bincike zalla kake so. Yawancin ayyukan tsara manufa ba sa neman sa.

Mataki na uku: ka haddace taswirar gidan

Ba za ka gyara gidan da ba ka san ɗakunansa ba. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta haifi NERC, hukumar da ke sa ido da yanka farashi. A Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe TCN mai manyan layuka. Kamfanonin rarrabawa 11 aka kafa tun farko. Na Kano, wato KEDCO, na da Kano, Katsina da Jigawa. Na Kaduna na da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Na Jos na da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa, Borno, Taraba da Yobe. Ƙasar na da injinan da a takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Mafi yawansa daga gas yake, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru.

Ka bi kuɗin daga aljihun mai mita har zuwa mai sayar da gas, za ka ga inda yake zubewa: wutar da ta salwanta a waya, wadda aka sata, wadda aka sha ba a rubuta ba, da bil ɗin da aka kai ba a biya ba. Kamfanin rarrabawa bai tara isasshe ba, bai biya mai samarwa ba, shi kuma bai biya mai gas ba. Duk wanda ya fahimci wannan sarƙa ya gane dalilin da ya hana masu bashi amincewa da tashoshin 2016.

Sannan ka karanta sababbin dokoki da kanka, kada ka tsaya kan abin da jarida ta taƙaita. Dokar sauyin yanayi ta 2021. Alkawarin da Shugaba Buhari ya yi a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa. Shirin sauya makamashi da aka ƙaddamar a Agustan 2022, wanda ya ƙiyasta ƙarin kuɗin da ake buƙata a kan dala biliyan 410. Sai Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta bai wa jihohi damar kafa nasu hukumomin da kasuwannin wuta. Ka riƙe wannan ta ƙarshe da kyau, za mu dawo kanta.

Mataki na huɗu: lissafi ɗaya da dole ya zauna a kanka

A nan zan daɗe, don wanda ya iya wannan ya iya rabin sana'ar. Tambayar ita ce: in aka haɗa duk abin da tasha za ta ci tsawon rayuwarta, nawa kowane yunit ya tsaya?

Bari mu ƙaddara alƙaluma, don koyo kawai. A ce za a gina wa wani gari tashar sola mai kilowat 100, da batura da wayoyi, kan naira miliyan 200, za ta yi shekara 20. A ce kowane kilowat na ba da yunit 1,600 a shekara, jimilla 160,000. Albashin ma'aikata, gyara da wanke ƙurar hunturu daga alluna, a ce miliyan 6 a shekara.

Idan mai jarin yana neman ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, sai an riƙa mayar masa da kusan miliyan 23.5 duk shekara. Haɗa da miliyan 6, raba da 160,000, yunit ya tsaya kusan naira 184. Yanzu ka bar komai yadda yake, ka mai da ribar kashi 25 cikin 100, irin tsadar bashin naira. Biyan shekara ya koma kusan miliyan 50.6, yunit ya haura naira 350. Allunan nan dai su ne, rana ita ce, amma farashi ya kusa ninkawa. Dalili shi ne sola kusan duk kuɗinta a ranar farko ake kashe shi, ba ta shan mai, don haka tsadar jari ce ke yanka mata farashi. Janareta akasin haka yake: sayensa da sauƙi, ciyar da shi ne wahala. Injin dizal yakan sha kusan sulusin lita kan kowane yunit, ka ga in lita ta kai naira 1,200, man kaɗai ya kai naira 400 kafin a yi maganar gyara.

Saura juyi na biyu, wanda ya fi kashe ƙananan tashoshi. Lissafinmu ya ɗauka an sayar da duk yunit 160,000. To idan mutanen garin ƙwan fitila da cajin waya kawai suke yi, da dare, rabin wutar rana ta tafi a banza fa? Sai naira 184 ta koma kusan 370. Shi ya sa mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara da manomin rani mai famfon ban ruwa suka fi kowa daraja a wannan lissafi. Su ne ke shan wuta da tsakar rana, lokacin da ta fi araha, kuma da su ne farashin gidan talaka ke sauka. Manufa mai kyau takan haɗa gina tasha da ba wa mai niƙa bashin sayen injin lantarki. Ban sa kuɗin sauya batura ba, wanda dole ya zo kafin shekara 20 ta cika. Ka ƙara shi da kanka ka ga yadda lamba za ta motsa.

Wani zai ce shi ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Lissafin bai canza ba. Ko sukuk ne, ko ijara, ko murabaha, wato hanyoyin zuba jari na Musulunci, mai jari yana da ribar da yake tsammani, ita za ka sa a gurbin. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, ta kuma fitar da takardar bashi ta ayyukan muhalli a ƙarshen shekarar. Matashin da ya iya tsara kuɗin tashar sola bisa tsarin da ba ruwa a cikinsa zai samu masu nemansa a Arewa, kuma fili ne da har yanzu bai cika ba.

Mataki na biyar: kayan aiki

Excel tukuna. Ka gina lissafin da ke sama da hannunka har ka iya canza lamba ɗaya komai ya bi. Bayan nan ka ɗauki ɗaya daga Stata, R ko Python ka ƙware, kada ka tsinci kaɗan-kaɗan daga kowanne. HOMER na taimakawa wajen auna girman ƙaramar tasha, LEAP da OSeMOSYS na hasashen makamashin ƙasa na shekaru masu zuwa, QGIS na taswira, KoboToolbox na tattara amsoshi a waya. Alƙaluma kuwa, rahotannin NERC na kowane wata uku kyauta suke a intanet, haka na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Bankin Duniya da IRENA, hukumar duniya ta makamashi mai sabuntawa.

Mataki na shida: ka shiga kasuwa

Gani ya kori ji. Ka zaɓi layi ɗaya a kasuwar garinku, ka nemi izinin shugaban 'yan kasuwar, ka zauna da masu shago talatin ko arba'in. Kada ka ce, "Alhaji, nawa za ka iya biya in an kawo sola?" Zai faɗi abin da yake ganin zai amfane shi, ko abin da zai faranta maka. Ka ce, "Alhaji, jiya lita nawa ka zuba wa inji? Awa nawa ya yi? Yaushe rabonka da kai shi gyara, nawa ka biya? Mai janaretan layi nawa yake karɓa kan ƙwai ɗaya, nawa kan fanka?" Abin da mutum ke kashewa yau shi ne shaidar abin da zai iya biya gobe. Ka tambayi matan gida kuɗin itace, gawayi da gas na girki, domin a yawancin gidajenmu makamashin da aka fi ci a murhu yake, kuma hayaƙinsa mata da yara ne ke shaƙa. A nan 'yan'uwanmu mata ke da damar da namiji ba shi da ita: suna shiga har ɗaki su ji gaskiyar lissafin gida.

Ka je ka ga ayyukan da aka riga aka yi. Tashar haɗin sola da janareta ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, ta megawat 10 da ke Kumbotso, solar kasuwar Sabon Gari, da injinan iska na Lambar Rimi a Katsina da aka ɗauki shekaru masu yawa ana aikinsu. A kowanne ka tambayi abu uku: wa ke sayen wutar, wa ke biyan gyara, me ya faru bayan an tashi daga bikin buɗewa.

Ka rubuta abin da ka samu cikin shafi huɗu. Wannan 'yar takarda za ta yi maka aiki a gaban mai ɗaukar ma'aikata fiye da jerin kwasa-kwasai goma.

Mataki na bakwai: rubutu da magana

Mai yanke hukunci ba zai karanta shafi hamsin ba. Ka fara da shawararka, sannan kuɗinta, sannan wanda zai amfana da wanda zai ji jiki, sannan abin da zai iya rushe lissafin. Kuma ka koyi faɗin haka da Hausa. A Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga naira 60 da 'yan kai zuwa naira 225 kan kowane yunit. Jama'a sun cancanci a yi musu bayani a rediyo, da harshensu, inda lambar ta fito da abin da za su yi in ba su samu awannin da aka yi musu alkawari ba. Wanda ya iya wannan bayani ya yi wa mutanensa hidima, ya kuma yi wa kansa suna.

Mataki na takwas: ƙofofin shiga

Tun daga bautar ƙasa ka nemi a tura ka inda ake wannan aiki. A gwamnatin tarayya akwai NERC, Ma'aikatar Lantarki, Hukumar Makamashi ta Ƙasa, Majalisar Sauyin Yanayi, da REA mai kula da wutar karkara, wadda ke gudanar da shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2023. Akwai kamfanonin ƙananan tashoshi, bankuna, kamfanonin ba da shawara, da ƙungiyoyin waje irin su GIZ ta Jamus da SEforALL mai fafutukar kai makamashi ga kowa, wadda Damilola Ogunbiyi, tsohuwar shugabar REA, ke jagoranta. Ka shiga NAEE, ƙungiyar masana fannin ta Najeriya, ka kai takarda taronta na shekara ko da kana ɗalibi.

Wanda ke jin Faransanci ƙofarsa ta fi faɗi. Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma da aka yanke layin bayan juyin mulkin Yulin 2023, Yamai ta ga amfanin tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30. Yadda ƙasa za ta auna arahar wutar maƙwabci da haɗarin dogaro da shi tambaya ce ta masanin tattalin arziki, kuma irinta ake tattaunawa a WAPP, ƙungiyar haɗa layukan wutar Afirka ta Yamma da ke Kwatano, da ERERA, hukumar sa ido kan wutar yankin da ke Akara.

Ni dai a ganina babbar dama tana jihohi. Tun bayan dokar 2023, Enugu, Ondo da Ekiti suka fara karɓar ikon kula da kasuwar wutarsu, wasu suka biyo baya, har da Neja da Filato. Duk jihar da ta karɓa sai ta yanka farashi, ta ba da lasisi, ta saurari ƙorafi, ta yanke ko za ta ba da tallafi da kuma inda za ta samo kuɗinsa. Albashin ba zai kai na ƙungiyoyin waje ba, amma matashi zai taɓa aikin da a Abuja sai ya shekara goma kafin a bar shi ya taɓa.

Mataki na tara: ranar da za a nemi ka lanƙwasa lamba

Za ta zo. Wani babba yana son a kafa tasha a garinsu, ko mai ba da tallafi yana son rahoto ya nuna aikinsa ya yi nasara, ko kamfani yana son a kumbura kuɗin da ya kashe don farashi ya hau. Ba wanda zai ce maka ka yi ƙarya. Za a ce ka ɗan ɗaga hasashen masu saye, ko ka ɗan sauke tsadar jari, kuma ka riga ka ga yadda waɗannan biyun ke juya komai.

Kariyarka ita ce ka saba tun yanzu da rubuta duk abin da ka ƙaddara a shafin farko, kowanne da inda ka samo shi da kwanan wata. Ka ba da sakamako uku: in abubuwa sun yi kyau, in sun tafi daidai, in sun ɓaci. Idan aka matsa, ba sai ka yi faɗa ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da zai fito in mun ɗauki lambar da kake so, ga kuma abin da na samu a kasuwa, sai a sa duka biyun a takarda." Ka ajiye kwafin lissafinka na asali da ranar da ka miƙa shi. Idan bayan shekara uku batura suka mutu ba kuɗin sauya su, garin ya koma duhu, za a dawo a buɗe fayil a ga wanda ya sa hannu.